Zango na Uku a Wata Firamaren Ƙauye

Tambaya ɗaya ce ta kai wakilinmu wata makarantar firamare a wani ƙauye na ƙasar Katsina: me ke sa yaro ya wuce aji, me kuma ke sa ya maimaita? Hedimasta ya tarbe shi da ruwan randa, ya haɗa shi da malamar aji biyu.

Shekarar karatu a Najeriya zango uku ce, daga Satumba zuwa Yuli. Zango na uku, wanda jarrabawarsa ke raba gardama, yana faɗowa daidai da damina. Da ruwan shuka ya sauka sai aji ya zube. Maza suna gona, daga shuka zuwa firi zuwa maimai, mata suna kai abinci ko suna talla. Ranar kasuwa kuwa ba a magana. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara 9 na farko kyauta ne kuma wajibi, amma ciyawar gona ba ta jiran a tashi daga makaranta.

Malamar ta nuna wani yaro ɗan shekara 8 a layin gaba. Idan ta karanta jimla a allo, muryarsa ce ke fin ta kowa wajen maimaitawa. Ran da ta ɗora yatsa a kan kalmar tsakiya ta ce ya karanta shi kaɗai, sai ya sunkuyar da kai. Ashe hadda ce. Shafin yana kansa kaf, amma bai iya bambance “ba” da “da” ba.

“In na tura shi aji uku haka, zama kawai zai yi,” in ji ta. “In na ce ya maimaita, ƙannensa za su cim masa, su yi masa dariya, ya daina zuwa. Na ga irin haka ba sau ɗaya ba.”

Sai ta aika a kira kakarsa, wadda ke riƙe da shi tun rasuwar mahaifinsa. Tsohuwar ta zo hannunta na ƙamshin ƙuli-ƙuli, ta zauna a bakin baranda.

“Malama, maigidan nan nawa me ya yi?”

“Bai yi laifi ba, Inna. Karatu ne bai zauna ba. Ina so ya riƙa zuwa kullum har jarrabawa.”

“To, ’yata, awaki fa? Shi ke yankan ciyawa. Ni kuma baƙin boko ko ɗaya ban sani ba, balle in duba masa.”

“Ba sai kin sani ba, Inna. Ki sa ya karanta miki da ƙarfi. In kin ji maganar ba ta yi ma’ana ba, ki ce ya sake.”

Tsohuwar ta yi shiru, sannan ta ce lauje bai fi ƙarfinta ba. Ta kuma shawo kan baffan yaron ya bar masa safiya, gona sai bayan la’asar.

A makaranta malamar ta bi wata dabara da ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta yaɗa: a raba yara bisa abin da suka iya, ba bisa ajinsu ba. Masu koyon baƙi gefe guda, masu haɗa gaɓa gefe, masu karanta gajeren labari gefe. A ƙarƙashin darbejiya yaron ya riƙa zana “ka, ki, ku” da tsinke a ƙasa, yana lissafi da tsakuwa da marafan kwalba. Bayan sallar Isha kuma kakar ta haska masa tocila, ya yi ta karanta mata “kaza”, “tuwo”, “rijiya”. Duk inda ya yi tuntuɓe sai ta ce, “Wannan ba Hausa ba ce, sake.”

A Yuli ya karanta sakin layi guda a gaban malamar, da ɗan inda-inda, ya kuma amsa tambayoyin da ta yi masa a kai. An rubuta masa wucewa aji uku.

Akwai sauran yara a ajin da babu mai haska musu tocila. Malamar ta rubuta sunayensu da inda kowa ya tsaya, za ta miƙa wa malamin aji uku, ta kuma nemi hedimasta ya tara iyayensu kafin kaka, don girbi ma yana kwashe yara.