Jirgin Ruwa A Cikin Daro

A Barmu ba mu da gulbi. Ƙasarmu ta arewacin Adar ƙasar tudu ce, mai duwatsu da rairayi. Ruwan da muka sani shi ne na rijiya da na tabkunan damina. Saboda haka, ranar da wani ɗalibi a ajinmu na yaƙi da jahilci ya ce yana so ya koyi yin ƙaramin jirgin ruwa na katako, sai aji ya fashe da dariya. Wani dattijo ya ce masa: "Yaro, a wane ruwa za ka tuƙa shi? A randa?"

Ɗalibin bai yi fushi ba. Ya ba mu labari cewa a wajen ci-rani ya taɓa ƙetare gulbi a kwalekwale. An cika shi da mutane da buhuna, har ruwa ya kusa kai bakinsa. Sun ƙetare lafiya, amma tsoron bai bar zuciyarsa ba. Yana so ya san abin da ke sa jirgi ya tsaya bisa ruwa, da abin da ke sa ya kife.

Nan dariya ta ƙare. Mu mutanen Adar matafiya ne. Kowace shekara, in an gama girbi, samarinmu na tafiya Ikko da Kwatano da Abijan. Da yawansu na shiga jirgin ruwa, alhali ba su iya iyo ba. Kusa da mu kuma ga babban tabkin Tabalak, a kan hanyar Tawa zuwa Agadas, kimanin kilomita 50 daga Tawa. Masunta na kama tarwaɗa da karfasa a cikinsa. A shekarar 2005 an sa shi cikin jerin wuraren ruwa masu muhimmanci na duniya. Ashe maganar jirgi ta shafe mu. Sai muka yarda mu koya tare da shi.

Sana'a mai tsohon tarihi

Kada a ɗauka wannan wasan yara ne. A shekarar 1987 wani makiyayi yana haƙar rijiya a ƙauyen Dufuna, cikin jihar Yobe ta Nijeriya, sai ya tarar da kwalekwale binne a ƙasa. Tsawonsa ya wuce mita 8. Masana sun ce ya kai shekara 8,000, kuma ba a samu wanda ya fi shi tsufa a Afirka ba. A ƙasar Misira kuma, a shekarar 1920, an tono ƙananan jiragen katako a wani tsohon kabari. Sun yi kusan shekara 4,000. Haka nan maƙeran manyan jirage na Turai da Amurka sun daɗe suna fara sassaƙa ƙarami, su duba shi da kyau, kafin su yanka katakon babba. Kuskure a ƙarami ba ya cin dukiya, ba ya cin rai.

Kayan aiki

Ba mu sare itace ko ɗaya ba. Itatuwan gonakinmu sun fi jirgi daraja. Guntayen katako marasa nauyi muka samo wajen wani kafinta a Tawa, da wani tsohon akwati. Sauran kayan su ne zarto, wuƙa, ƙaramar guduma, ƙananan ƙusoshi, ma'auni, fensir, tsumman auduga da kakin zuma. Daro kuwa aro muka yi.

Jirgi na farko: ya kife

Ɗalibin ya yi gaggawa. Bai auna ba, bai zana ba. Ya yi jirgi dogo, siriri, kyakkyawa ga ido. Da aka sa shi cikin daro, sai ya karkace, ya kife nan take. Muka duba, muka gano laifi biyu. Faɗinsa ya yi kaɗan ƙwarai. Sa'an nan gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri, saboda haka ya fi nauyi.

A nan karatu da lissafi suka yi rana. Ga yadda muka gyara:

1. Muka ninke takarda biyu, muka zana rabin gindin jirgi, muka yanke. Da muka buɗe ta, dama da hagu sun zo daidai.

2. Muka rubuta awo a allo: tsawo santimita 40, faɗi santimita 12, zurfi santimita 7.

3. Muka ɗora takardar a kan katako, muka bi gefenta da fensir, sa'an nan muka yanka da zarto.

4. Muka yanka sirara biyu na gefe. Muka jiƙa su cikin ruwan zafi don su lanƙwasu ba tare da sun karye ba.

5. Muka huda wurin kowace ƙusa kafin mu buga ta, don kada katako ya tsage.

Wannan awo yana da ma'ana. In kowane santimita 1 ya tsaya a madadin santimita 10, to jirginmu hoton kwalekwale ne mai tsawon mita 4.

Jirgi na biyu: ya yi yoyo

Na biyu ya tsaya daram. Muka yi murna. Amma kafin a gama shan shayi, ruwa ya cika shi, ya nutse har bakinsa. Ruwa ya bi ta mahaɗin katako, inda ido ba ya gani. Wani ya ce a liƙe da ƙaro. Muka gwada, ƙaro ya narke, domin ruwa ne ke narkar da shi. Sai muka cusa tsumman auduga a mahaɗin da bakin wuƙa, muka narka kakin zuma muka shafe. Masu manyan kwalekwale ma haka suke toshe nasu, da tsumma da kwalta. Yoyo ya tsaya.

Jirgi na uku: ya koya mana kaya

Yanzu muka zo ga tambayar da ta kawo mu. Me ke ɗauke da jirgi? In jirgi ya zauna cikin ruwa, yana ture ruwa gefe. Nauyin ruwan da ya ture daidai yake da nauyin jirgin da kayansa. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce. Kowane kilo da aka ƙara, sai jirgi ya ƙara nutsewa don ya ture wata lita. In ya kai baki, babu sauran wuri.

Muka auna tsakuwa kilo 1, muka shimfiɗa ta a gindin jirgi. Ya zauna lafiya, da sauran santimita 3 tsakanin ruwa da baki. Muka kaɗa ruwan da hannu, bai shiga ba. Muka ƙara tsakuwa ta kai kilo 2. Jirgi bai nutse ba, amma ruwa ya zo dab da baki. Da muka ɗan girgiza daro, sai ya tafi ƙasa.

Muka sake gwaji. Muka tura kilo 1 ɗin nan gefe ɗaya, jirgi ya kife. Muka ɗora shi a bisa wani guntun katako, ya yi tsini sama, nan ma ya kife. Kaya ɗaya ne, ajiyarsa ce ta bambanta. Gani ya kori ji.

Sai ɗalibin ya ɗauki fenti, ya ja layi a jikin jirgi, daidai inda ruwa ya tsaya da kilo 1. Manyan jiragen teku duk suna da irin wannan layi. Wani ɗan majalisar Ingila mai suna Samuel Plimsoll ne ya yi ta faɗa a kai, domin jirage masu kaya fiye da kima suna hallaka ma'aikata. A shekarar 1876 aka yi dokar. In ruwa ya rufe layin, kaya sun yi yawa.

Ba labarin nesa ba ne

A watan Mayu na 2021 wani jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse a kogin Kwara, kusa da Warra ta jihar Kebbi. Kaɗan ne suka tsira. A watan Nuwamba na wannan shekara kuma, wani jirgi ya kife a Bagwai ta jihar Kano. Mutum fiye da 20 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makaranta. A duka biyun an ambaci yawan lodi.

Saboda haka, ɗan'uwa matafiyi, kafin ka shiga kwalekwale, dubi tazarar ruwa da bakinsa. In ta yi kaɗan, ka jira na gaba. Sannu ba ta hana zuwa. In ka shiga, ka zauna ƙasa, kada ka miƙe tsaye. Kada jama'a su ruga gefe ɗaya. In akwai rigar ruwa mai hana nutsewa, ka saka ta. A guji tafiyar dare da ta lokacin iska.

Kula da lafiya wajen aiki

A riƙa sassaƙa ana tura wuƙa gaba, nesa da jiki. Wanda ya yanke, ko ƙusa ta soke shi, ya wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu. Kada ya sa ƙasa ko toka. Ya je gidan likita a duba ko yana bukatar allurar rigakafin ciwon sarƙewar haƙora.

A gwada jirgi cikin daro, ban da tabki. Ruwan tabki na iya ɗauke da tsargiya, cutar da ke sa fitsarin jini. In an gama, a zubar da ruwan ga shuka, a kife daron. Ruwa kaɗan na iya hallaka ƙaramin yaro, kuma sauro na hayayyafa a ruwan da aka bari.

Jirgin nan na uku yana nan a ajinmu. Dattijon da ya yi dariya ya zo ya are shi, ya nuna wa 'ya'yansa biyu da ke shirin tafiya ci-rani. Shi da kansa ya auna musu tsakuwar.

Ku ma ku gwada a ajinku. Ku rubuta awonku, ku rubuta kilo nawa jirginku ya ɗauka, ku aiko mana mu buga a wannan shafi.