Capucine: Tauraruwar Da Ta Ci Abinci Da Harshe Na Biyu

A wannan maƙala zan yi tsokaci a kan rayuwar Capucine, Bafaranshiyar da ta yi fice a tallar tufafi da wasan fim. Na zaɓe ta ne saboda ni ma da girmana na koyi Hausa, kuma tarihinta ya nuna yadda suna da harshe kan buɗe wa mutum ƙofa.

Asalinta Da Sunanta

An haife ta ranar 6 ga Janairu, 1928, a garin Saint-Raphaël da ke kudancin Faransa. Sunanta na yanka Germaine Lefebvre. Da ta shiga sana'ar tallar tufafi a birnin Paris, inda ta yi wa gidajen ɗinki na Givenchy da Christian Dior aiki, sai ta ɗauki laƙabin Capucine. A Faransanci wannan sunan wani fure ne, wanda siffarsa ta yi kama da hular rigar wasu limaman Katolika da ake kira Capucin. Daga sunan waɗannan limamai ne kuma aka samo kalmar cappuccino, wato kofi mai madara. A wannan sana'a ta haɗu da Audrey Hepburn, suka ƙulla ƙawance na har abada.

Shigarta Fim

A 1957 wani mai shirya fina-finai, Charles Feldman, ya gan ta a New York, ya kai ta Hollywood. Amma kyawun fuska kaɗai bai isa ba, sai da ta zauna ta gyara Turancinta, ta kuma koyi wasa. A 1960 ta fito a fim ɗin Song Without End, wanda ya sa aka saka sunanta cikin masu takarar kyautar Golden Globe. A shekarar kuma ta fito tare da John Wayne a North to Alaska.

Fim ɗin da ya fi fito da ita shi ne The Pink Panther na 1963. A ciki ita ce matar Sufeto Clouseau, ɗan sandan da ke farautar wani ɓarawon lu'ulu'u, alhali matar tasa ce masoyiyar ɓarawon. A nan aka gane ta iya barkwanci, duk da cewa ana mata kallon mace mai kamun kai da ƙarancin fara'a.

Ƙarshen Rayuwarta

Daga baya ta koma Turai, ta zauna a Lausanne ta ƙasar Suwizalan. Ta daɗe tana fama da ciwon damuwa, kuma ranar 17 ga Maris, 1990, ta kashe kanta tana da shekara 62.

Kammalawa

A ganina, darasin da ke nan gare mu ɗaliban harshe shi ne, harshe na biyu jari ne. Har ta bar duniya ana jin karin Faransanci a Turancin Capucine, amma hakan bai hana ta yin suna da shi ba. Saboda haka kada kunyar lafazi ta hana ɗalibi buɗe baki.