Daga Makuba Zuwa Jan Siminti

Shirinmu na yau a kan daɓen ɗaki yake.

Duk wanda ya leƙa kasuwar kayan gini ta Dei-Dei a nan Abuja zai ga hodar kala iri-iri, ja da kore da ruwan ɗorawa, ga robobin man da ake shafa wa daɓe. Tayil ya yi tsada, shi ya sa wasu masu gini suke komawa ga siminti mai launi. To amma wannan aiki ba baƙo ba ne a wurinmu.

Ku tambayi kakanninku mata. A da, idan za a kai amarya a ƙasar Kano ko Zazzau ko Katsina, mata ne ke yin gayya. A shimfiɗa tsakuwa da jar ƙasa, a yayyafa ruwa, kowace ta ɗauki madaɓinta, ana bugu ana waƙa tun hantsi har la'asar. Sannan a kawo makuba. Makuba, jama'a! Ɓawon ɗorawa ne ake jiƙawa har ruwan ya rine. A yayyafa, a sake bugu, a bari ya sha iska, washegari a ƙara. Wasu da bagaruwa suke yi, wadda majema ke jima da ita. Abin da ya fi burge ni shi ne, sinadarin da ke cikin ɓawon nan yana haɗuwa da sinadarin ƙarfe da ke cikin jar ƙasa, sai daɓen ya yi duhu, ya yi ƙwari, ya rage shan ruwa. Ga launi, ga kariya, duk daga bishiyar bayan gari. Kuma ba sa gaggawa. Ku riƙe wannan, ba sa gaggawa.

Mu kuwa gaggawa ce ke ɓata mana aiki. Hodar kala a gauraya ta da siminti tun yana busasshe, kuma kada ta wuce kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, in ta wuce daɓen zai yi rauni. A yi ta ba shi ruwa aƙalla kwana 7, balle da hunturu, lokacin da iska ke busar da shi ya tsattsage. Man sheƙi kuwa sai bayan kwana 28.

Lokaci yana neman ƙure mana, ga gwaji ɗaya a taƙaice kafin a shafa man. Manna leda a ƙasa, ka liƙe gefunanta, ta kwana ta wuni. In ka ga raɓa a ƙarƙashinta, akwai sauran danshi, man da ka shafa zai ɓare. In za a shafa man, a share ƙura tas, a buɗe tagogi saboda wari, a nisantar da yara da wuta.

Maigida, don Allah kada ɗokin tarewa ya sa ka matsa wa magini. Ka ba daɓenka kwanakinsa 28 cif. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.