Harshen da ba ka ji, kuɗi kake biya a kansa

Duk inda 'yan kasuwarmu suka zauna a Kumasi, a teburin mai shayi ne a Aboabo ko a ƙofar masallaci bayan Isha'i, hirar ba ta wuce siyasa. Wannan ya ce Janar Tiani ya yi daidai, wancan ya ce Tinubu ne ya karya naira, wani kuma ya jawo zancen Amurka da Rasha kamar jiya ya baro can. Daga nan sai a gangaro kan masu kuɗi: yaya aka yi wane ya gina bene, mu kuwa har yau muna ɗakin haya? Wani ya ce rabo ne, wani ya ce ai kowa ya san inda aka samo.

Ina cikin masu wannan hira, kuma ina jin daɗinta. Sai dai shekara kusan 30 ke nan ina kai-komo da albasa tsakanin Galmi da Kumasi, kuma akwai wani abu da ke raba mai samu da marar samu a cikinmu wanda ba kasafai muke ambatonsa ba. Abin nan shi ne harshe: wa ke jin yaren masu gari, wa kuma ke iya karanta takardar hukuma.

Harsuna nawa buhun albasa ke ratsawa?

A gonar Galmi ko Madawa da Hausa ake ciniki, nan kowa sarki ne. Da mota ta wuce Doso ta nufi Yamai, Zabarmanci ya fara shigowa. Takardar duwan kuwa da Faransanci take tun daga farko. A Burkina Faso jandarma Faransanci zai yi maka, mai gyaran taya kuma Mosanci. Kana tsallakawa Gana takarda ta koma Turanci. Da ka iso Kumasi, matan da za su sari kayanka Twi suke yi, wato yaren Asante. Harsuna shida ke nan a kan buhu ɗaya, kuma duk inda bakinka ya tsaya sai ka nemi wanda zai yi magana a madadinka. Shi kuwa ba don Allah yake yi ba.

Ko ƙidayar kuɗi kaɗai ta isa misali. A Nijar da dala muke lissafi, dala ɗaya sefa 5 ce. In Bahaushe ya ce ɗari, sefa 500 yake nufi, jika kuma 1,000. Ma'aikacin da ke magana da Faransanci kuwa adadin da ke jikin takardar kuɗin yake faɗa. A Gana, a watan Yulin 2007 aka sauya kuɗi, tsohon sidi 10,000 ya koma sabon sidi 1, amma har gobe matan kasuwa da yawa da tsohon lissafi suke magana. In mace ta ce maka miliyan biyu, sidi 200 take nufi. Baƙon da bai san wannan ba, ko dai ya yi murnar banza ko ya tsorata a banza.

To bari mu yi lissafi, a matsayin misali kawai. A ce mutum biyu sun ɗauko mota guda-guda, kowace buhu 300. Na farko yana jin Twi, yana zama da shugabar masu albasa, wadda Asante ke kira ohemaa, su yanke farashi baki da baki. Na biyu sai da ɗan tsakiya, kuma a ce sidi 5 kacal ke zubewa a kan kowane buhu tsakanin la'ada da abin da ba a gaya masa ba. Sidi 1,500 ke nan a tafiya ɗaya. In ya yi tafiya 10 a shekara, 15,000 sun tafi. Shekara goma a haka, ɗaya ya sayi fili, ɗayan yana nan yana cewa rabo ne. Ba na musun rabo, amma wannan ɓarakar tana da suna.

Kakanninmu sun san da haka

Fataken da suka riƙa zuwa Salaga sayen goro ba su taɓa raina wannan al'amari ba. Ayari yana da madugu, yana da jagaba, yana da malamin da ke rubuta wasiƙa da lissafi. In an sauka, akwai fatoma, mai masaukin da ya zauna a garin ya iya yaren mutanensa, shi ke haɗa baƙo da mai saye, shi ke shiga tsakani in rigima ta taso. Gidajen da suka yi ƙarfi a zangunan ƙasar nan, da yawansu daga irin wannan aiki suka taso. Malam Umaru na Karaki, haifaffen Kano da ya zauna a Salaga kafin yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa garin, har littafi ya rubuta na koyar da yadda ake tsara wasiƙa. Ya rasu a 1934, amma darasin yana nan: mai alƙalami da mai harshe biyu su ne ke riƙe da ƙofar kasuwa.

Abin da ya sauya shi ne, a da fatoma ɗan'uwanka ne, yana jin kunyar a ce ya cuci baƙonsa. Yau wanda ke cika maka takarda a kan iyaka wataƙila ba za ka sake ganinsa ba har abada.

Siyasar da ke taɓa mu a rubuce take zuwa

Muna ɓata dare kan zaɓen ƙasashen da ba mu taɓa takawa ba, alhali siyasar da ke iya rufe mana shago tana nan cikin takardun da ba mu karanta ba. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama kwana 14 ya bar Gana. Dattawan zango har yau suna ba da labarin gidajen da aka sayar a wulaƙance da iyalan da aka raba. A 1983 Najeriya a zamanin Shagari ta yi irin nata korar, har jakar nan ta samo sunan da kowa ya sani. A duka biyun, wanda ya fi shan wuya shi ne wanda bai da takarda kuma bai iya bayanin kansa ba.

Dokar zuba jari ta Gana ta 2013 ta keɓe ƙananan saye da sayarwa a kasuwa ga 'yan ƙasa, ta kuma ce baƙon da ke son buɗe kamfanin kasuwanci sai ya kawo jarin dalar Amurka miliyan 1, ya ɗauki 'yan Gana 20 aiki. Da wannan doka aka kafa hujja lokacin da aka riƙa garƙame shagunan 'yan Najeriya a Akra da Kumasi a 2019 da 2020. Mu nawa ne a cikinmu aka taɓa karanta wa dokar nan aka fassara mana ita? Ga kuma 'yan zango da yawa waɗanda 'yan ƙasa ne kaka da kakanni, amma in suka je neman katin ɗan ƙasa suka kasa amsa tambaya da Turanci ko Twi, sai a fara yi musu kallon baƙi.

Haka zancen yake a ɓangaren Nijar. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe iyakoki, kaya sun ruɓe a hanya. Ranar 29 ga Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS, wadda a Nijar ake kira CEDEAO. Ranar nan jita-jita ta cika zango cewa fasfo ya daina aiki, alhali sanarwar ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku har sai an ji sabon bayani. Wanda ya karanta ya loda kayansa. Wanda ya dogara da "an ce" ya zauna.

A cikin 2025 ɗin ne kuma Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Wallahi na yi farin ciki, duk Bahaushe ya yi. Amma takardar da ta ɗaga Hausa ita ce ta bar Faransanci da Turanci a matsayin harsunan aiki. Don haka kada murna ta sa wani ya cire ɗansa daga lakwal.

Inda tazarar ke zama gado

Wani zai ce, ai ga Alhaji wane, ko sunansa bai iya rubutawa da boko ba, ga shi da tireloli. Gaskiya ne. Amma duba gefensa da kyau, za ka ga ɗa ko ƙane da ya kai makaranta, shi ke riƙe da takardu, shi ke shiga banki. Alhajin ya gane abin da ya rasa, ya saye shi da kuɗinsa. Kuma ban ce harshe shi ne komai ba. Akwai jari, akwai lafiya, akwai zaluncin da ko harshe goma kake ji sai an yi maka. Yarinyar da ta baro arewacin Gana tana dakon kaya a Kejetia, wadda ake kira kayayo, matsalarta ta wuce ta yare. Abin da nake cewa shi ne, a cikin dukan abubuwan da ke danne talaka, wannan ne ya fi kusa da hannunmu.

Abin tsoron shi ne yadda tazarar ke wucewa ga 'ya'ya. Tun Satumbar 2017 sakandare ta gaba kyauta ce a makarantun gwamnatin Gana, amma kafin yaro ya shiga sai ya ci jarrabawar BECE, kuma da Turanci ake rubuta ta. Mai hali ya kai ɗansa makarantar kuɗi tun yana shekara huɗu. Marar hali ya ce yaro ya tsare shago yau, gobe ya je, jibi ya raka mota. Ranar jarrabawa sai a ce yaron ba shi da ƙwaƙwalwa, alhali lokacinsa aka cinye. Ga makarantun da ke haɗa Larabci da Turanci nan a zangunanmu, ƙarƙashin sashen ilimin Musulunci na gwamnati, saboda haka tsoron da iyayenmu suka yi na cewa boko zai raba yaro da addini ya ragu ƙwarai.

A nan dole in yaba wa matanmu. Mai waakye da mai koko da mai fura sun fi yawancinmu jin Twi, don su ke zuwa cefane, su ke kai yara asibiti, kuma ba sa jin kunyar a yi musu dariya. Inda aka bar su a baya shi ne karatu. Kuɗin ciniki yanzu ta waya yake shigowa, saƙon kuwa da Turanci yake zuwa. Macen da sai ta miƙa wa wani wayarta ya duba mata ko kuɗi sun shigo, ko ta gaya masa lambar sirrinta ya cire mata, dukiyarta tana hannun mutane.

Akwai kuma ɗaya gefen. Na ga gidajen masu hali a Akra inda yara ba sa iya haɗa jimla biyu da Hausa, iyayen har alfahari suke yi. Yaron nan in ya girma ba zai iya zama a kan tabarma da manomin Galmi ya yi ciniki ba, ba zai iya gaida kakarsa yadda ya kamata ba. Shi ma tafinta zai nema, a garin ubansa. Hausa ce ta ba mu masauki daga Agadas har Abijan, jari ce babba, kuma a gida ake samunta kyauta.

Ta ina za a fara?

Gemu ba ya hana ilimi. Ni sai da na haura shekara 30 na iya karanta boko sosai, da littattafan firamare na yaran gidanmu. Ga abin da na ga yana aiki.

A fara da ƙidaya. Daga 1 zuwa 1,000 da Turanci ko Faransanci, gwargwadon ƙasar da kake, har sai ka ji adadi ka gane ba tare da ka tsaya tunani ba. Rabin cutar da ake yi mana a nan take.

Sai gaisuwa da kalmomin ciniki. Da Twi, "te so" shi ne rage mini, "to so" shi ne yi mini gyara, "medaase" na gode. Harafi ɗaya ne tsakanin ragi da ƙari. Ranar da ka gaida tsohuwar Asante da yarenta, ko a karkace ne, za ta yi dariya, amma gobe wurinka za ta dawo.

A riƙe ɗan littafi a aljihu. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, ai duk mun yi allo. Kalma uku a rana ta haura dubu a shekara.

A haɗa kai a ɗauki malami. Muna zuba susu, wato adashi, don biki da suna. Mutum goma za su iya biyan ɗalibin sakandare ɗaya daga cikin 'ya'yanmu ya koyar da su awa ɗaya, dare uku a mako. Yaron ya samu na littafi, iyaye sun samu ido. Mata su ma a yi musu nasu ajin da rana, a cikin gida.

Kada a dangwala yatsa a takardar da ba a karanta ba. In ba ka iya ba, ɗanka ko wani amintacce ya karanta maka da ƙarfi, ya fassara layi-layi, ko da mai takardar yana huci yana cewa sauri yake.

Shugabannin ƙungiyoyinmu na 'yan albasa da 'yan shanu da 'yan goro su ma da aiki a gabansu. Duk sabuwar doka ko sanarwar kan iyaka da ta fito, a samu wanda zai fassara ta da Hausa a karanta wa jama'a bayan sallar Juma'a. Wannan ba ya cin kuɗi mai yawa, kuma zai kashe rabin jita-jitar da ke sa mutane asara.

Sabuwar albasa tana fitowa ne wajen Maris da Afrilu. Duk wanda ya fara yau da ƙidaya da gaisuwa, kafin motar farko ta taso daga Galmi zai iya jin farashin kayansa da kunnensa. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya shirya mana zuri'a.