An Cire Kuɗi, Amma Ba Su Shiga Ba

Rigimar da aka saba gani a rumfar masu POS a Jabo da sauran garuruwan Tambuwal da Kebbe ita ce wannan: alat ya shigo wayar mutum cewa an cire masa dubu goma, takardar da na'ura ta fitar kuma ta ce ba a biya ba. Nan take a hau zargin juna, alhali sau da yawa babu wanda ya ci kuɗin kowa.

Lissafin kuɗin nan ba a littafi ɗaya yake ba. Bankin mai kati yana da rumbun bayanansa, kamfanin POS yana da nasa, a tsakaninsu kuma akwai masu sada bankuna, irin su NIBSS da aka kafa a 1993. Shi kansa rumbun, akan ajiye kwafinsa a kwamfutoci a wurare daban-daban, don kada gobara ɗaya ta cinye lissafin dukiyar jama'a. Sai bakinsu ya zo ɗaya kafin a ce an biya. To idan banki ya cire, sai sabis ya yanke kafin amsarsa ta iso Jabo fa? Na'ura za ta gaji da jira ta ce bai yiwu ba, kuɗin kuma su maƙale har a daidaita littattafan a mayar wa mai su.

A shekarar 2000 wani masanin kwamfuta a Amurka, Eric Brewer, ya fito da maganar fili: muddin sadarwa ta katse, dole a zaɓi ɗaya, ko a ci gaba da aiki da bayanin da ƙila ya tsufa, ko a dakata har a tabbatar.

Misalin zaɓin farko shi ne na'urar BVAS da INEC ta yi zaɓen 2023 da ita: tana ɗauke da sunayen masu zaɓen rumfarta a cikinta, shi ya sa take tantance mutum da yatsa ko fuska ko babu sabis. Tura hoton sakamako ne ke buƙatar intanet. Kuɗi kuwa ba sa jure wannan sassauci. Jiran yana da ban haushi, musamman ranar kasuwa, amma ni ina ganin gara shi. Da na'ura za ta riƙa biya ba tare da jin ta bakin banki ba, mai dubu goma a asusu zai iya cire su a Jabo da hantsi, ya hau babur ya sake cire su a Tambuwal kafin labari ya isa banki.