"Me Za Ki Yi Da Karatu Yanzu?"

Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilimi, amma na lura wannan rangwame maza kaɗai ake yi wa. Dattijo ya ɗauki littafi ya nufi zauren malam, a ce masha Allah. Mace mai shekara 45 ta sa hijabi ta nufi Islamiyya, sai a hau zunɗe: sai da ta aurar da 'ya'ya ta tuna da baƙi da wasali?

A ajin matan aure da nake koyarwa a Bafarawa, wannan magana ta fi talauci korar ɗalibai. Abin ya fi tsanani ga zawarawa, kuma kowa ya san yadda hare-haren 'yan bindiga suka yawaita mana su a ƙasar Isa da Sabon Birni. Mace ta gama takaba, wata huɗu da kwana goma, ta ce bari ta gyara sallarta ta koyi abin da za ta karantar da marayunta. Kwana uku da fara fita, an ce miji take nema. In ta zauna a ɗaki kuma a ce ta zama kaya. Abin takaici, yawanci bakin mata 'yan uwanta ne.

Mu mutanen Gobir bai kamata a ji haka daga gare mu ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, da ta kafa 'Yan Taru, dattawan mata ta zaɓa su zama jajis. Ita ke ɗora wa kowace jaji malafa da jan rawani. Malafar nan kuwa a da alamar Innar Gobir ce, babbar mace ta gidan sarauta, sai Nana ta mayar da ita alamar malanta. Jaji ta tattaro tsofaffi da 'yan mata daga ƙauyensu, su tako da ƙafa har wurin Nana, su haddace waƙoƙin tauhidi da tsarki, su koma su koyar da matan da ke cikin kulle. Shekarun da yau ake yi wa mace gori da su, su ne suka ba jaji damar fita.

Gaskiya ne hadda tana yi wa babba nauyi. Abin da jikarta za ta riƙe a kwana biyu, ita sai mako. Amma ban taɓa ganin mai tambayar hukuncin gado da idda da natsuwa irin wadda abin ya taɓa ba.

Roƙona ga shugabannin makarantu shi ne a ware wa manya ajinsu, kada a haɗa Inna da sa'ar jikarta a benci ɗaya, a kuma tashe su da la'asar sakaliya saboda halin hanya. Masu hali su taimaka da Alƙur'ani mai manyan baƙaƙe da tabarau, domin da yawa cikin waɗanda ake cewa ba su ganewa, layin ne ba su gani.