Wasan yaƙi a kan tebur: yadda ake sake fafatawar Waterloo

A ƙasashen Turai da Amurka, akwai masu sha'awar tarihi da ke sake buga tsofaffin yaƙe-yaƙe a kan tebur da 'yan mutum-mutumin sojoji na dalma ko roba. Tsawon kowane soja galibi milimita 15 ne ko 28, kuma da hannu ake yi masa fentin kakin rundunarsa.

Fafatawar da aka fi maimaitawa sun haɗa da ta Waterloo a Beljiyam, inda Napoleon na Faransa ya sha kaye ranar 18 ga watan Yunin 1815. Ana shimfiɗa tuddai da gonaki a tebur, sannan a jera dakaru da mahaya dawaki da igwa. Da ma'auni ake auna tafiyar kowace runduna, ƙwayar ludo kuma ita ke yanke ko harbi ya samu abokan gaba.

Asalin wasan horon soja ne. A 1824 wani hafsan Prusiya, Georg von Reisswitz, ya gabatar da Kriegsspiel ga rundunar ƙasarsa. Alƙali ne ke karɓar umarnin ɓangarorin biyu, yana ɓoye wa kowa abin da sojojinsa ba su hango ba. Bayan Prusiya ta ci Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, rundunonin wasu ƙasashe suka kwaikwayi wannan horo.

A 1913 marubucin Ingila H. G. Wells ya wallafa Little Wars, littafin dokokin wasan domin farar hula.